Usur a Tsakiya, Tuta a Gefe: Yadda Hukuncin Satar Gida Ya Zama Aikin Mutum Uku

Babu hukuncin da ke tayar da jijiyar wuya a ƙwallon ƙafa kamar na satar gida. Ko a filin wasa na Sardauna da ke Gusau ne, ko a filin firamare a Tsafe da Bungudu inda samari ke gasar unguwanni bayan la'asar, abin ɗaya ne. Ƙwallo ta shiga raga, wuri ya kaure da murna, sai a waiga a ga wani a bakin layi ya ɗaga tuta. Alƙalin wasa ya busa usur, an soke. Sau da yawa mai usur ɗin bai ga laifin da idonsa ba, idon wani ya amince wa. An fi shekara ɗari ana gina wannan amana.

Lokacin da aka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila a Landan a 1863, dokar satar gida mai tsauri ce ƙwarai: duk wanda ke gaban ƙwallo sa'ad da ɗan ƙungiyarsu ya buga ta, ya yi satar gida. Sai dai mutum ya ja ƙwallo da ƙafarsa, 'yan'uwansa na biye da shi. A 1866 aka sassauta, aka ce in akwai abokan hamayya uku tsakaninka da layin ragarsu, ba ka da laifi. Daga nan satar gida ta zama abin da sai an ƙirga, sai an auna.

To, wa ke aunawa? A zamanin babu alƙali a cikin fili. Kowace ƙungiya takan zo da mutuminta, kuma ba ya cewa uffan sai 'yan wasa sun kai ƙara. In mutanen biyu suka kasa daidaitawa, sai a nufi wani na uku da ke tsaye a waje riƙe da agogo, shi ya raba gardama. Da kuɗi da kofuna suka shigo wasan, tsarin ya gaza, domin kowa nasa yake karewa. A 1891 hukumar tsara dokokin ƙwallo, IFAB, ta juya lamarin. Na ukun ya shigo tsakiya da cikakken iko, biyun suka koma bakin layi da tuta a hannu. A shekarar ce kuma aka shigo da bugun fenareti.

Wani ɗan bayan Newcastle, Bill McCracken, ya ƙware wajen ɗana tarko: taku ɗaya zai yi gaba a kan kari, sai ɗan gaban abokan hamayya ya tsinci kansa cikin satar gida. Wasu suka kwaikwaye shi, ƙwallaye suka yi ƙaranci, 'yan kallo suka gaji. A 1925 aka rage abokan hamayya ukun da dokar ke nema zuwa biyu, wanda a kansa muke har yau. A babban rukunin Ingila an ci ƙwallo 1,192 a kakar da ta gabaci sauyin, a ta bayansa kuwa 1,703. Wasa ya ƙara sauri, aka koma dogon bugu zuwa gaba, alƙali kuma ya kasa zama wuri biyu a lokaci guda.

Maganin da ya karɓu ana danganta yaɗuwarsa da Stanley Rous, wanda ya busa wasan ƙarshe na kofin FA na Ingila a 1934, daga baya ya shugabanci FIFA daga 1961 zuwa 1974. Tsarin a nan ya fi burge ni, don babu na'ura ko ɗaya a cikinsa. Kowane mai tuta rabin layi ɗaya ne nasa, ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan, a rabin fili daban-daban. Alƙali kuma yana gudu a karkace, daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta ɓangaren da babu mai tuta. Ta haka kullum ƙwallo tana tsakaninsa da mataimakinsa, in ya ɗaga kai sai su haɗa ido.

Wanda ya taɓa tsayawa bayan ƙwararren mataimaki zai ga abin da kallon talabijin ba ya nunawa. Ba ƙwallo yake bi ba. Daidai yake tafiya da na biyun ƙarshe cikin masu tsaron gida, ko da ƙwallon in ta fi shi kusa da layin raga. Tafiyar kaguwa yake yi, ƙirjinsa na fuskantar fili, tuta a ƙasa inda alƙali zai iya hango ta. Idonsa na kan layin 'yan baya, kunnensa na jiran ƙarar bugun ƙwallo, domin hukuncin na daidai lokacin da aka buga ta ne, ba lokacin da aka karɓa ba. Ko ya ga mutum ya wuce, ba ya gaggawa, don tsayuwa a wurin kaɗai ba laifi ba ce. Sai ya ga ya taɓa ƙwallo, ko ya tare wa gola gani, ko ya amfana da tsayuwar. Sannan ya tsaya cak, ya ɗaga tuta tsaye. In usur ya yi ƙara sai ya nuna wurin: tuta a sama-sama in can nesa ne, a miƙe in tsakiya ne, a ƙasa in kusa da shi ne. In kuma alƙali ya ga abin da shi bai gani ba, misali ɗan baya ne da gangan ya mayar da ƙwallon, sai ya yi masa hannu ya sauke. Tuta shawara ce, hukunci na mai usur ne.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A satar gida ƙimar takan kuskure. Wasu masu bincike na Holan sun wallafa a mujallar Nature a 2000 cewa in mataimaki ya gota layin 'yan baya ko da kaɗan ne, kusurwar da yake kallo takan yaudare shi, ya ga mai gaskiya a matsayin mai laifi. Yawancin abin da 'yan kallo ke kira son kai, taku ɗaya ne da bai yi a kan kari ba.

Sauran gyare-gyaren sun zo a jere. A 1990 aka ce wanda yake kafaɗa da kafaɗa da ɗan baya bai yi satar gida ba. Riƙon tuta ya zama fanni mai zaman kansa, a 1996 kuma aka mayar da masu shi mataimakan alƙali da ƙarin nauyi a kansu. Bayan ƙorafe-ƙorafen gasar cin kofin duniya ta 2002, FIFA ta koma ɗaukar alƙali tare da mataimakan da ya saba aiki da su, a gasar Jamus ta 2006 kuma aka ga suna magana ta na'urar kunne. Duk da haka kuskure bai ƙare ba, kuma mu ma mun taɓa cin gajiyarsa. A Birazil a 2014, Edin Dzeko na Bosniya ya ci Najeriya ƙwallo mai kyau, tuta ta tashi, aka soke. Peter Odemwingie ya ci mana ɗaya, da ita muka yi nasara. Irin waɗannan ne suka share wa VAR, wato taimakon alƙali ta hoton bidiyo, hanya, ta shiga doka a 2018. A Katar a 2022 kyamarori 12 ne ke bin wurare 29 a jikin kowane ɗan wasa, ga wata na'ura a cikin ƙwallon kanta. Ƙwallaye uku aka soke wa Ajantina kafin hutun rabin lokaci a wasan da Saudiyya ta doke ta 2 da 1.

Ƙwallo ta shigo garuruwan Arewa ta makarantun boko da ma'aikatan gwamnati da na reluwe, Gusau kuwa jirgin ƙasa ya iso ta tun ƙarshen shekarun 1920. Bayan an ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996, Zamfara United ta kai ga buga gasar Firimiya ta Najeriya, mutanen Gusau suka ga alƙalai uku da na huɗunsu cikin kayan aiki a gida. Amma wurin da matasa suka fi koyon doka yau shi ne gidan kallon ƙwallo. A can ake tsayar da hoto, a ja layi, a nuna kafaɗar da ta wuce. Washegari yaro ya tafi filin unguwa yana neman wannan awon daga mutumin da ko layin gefe ba a shata masa ba.

A irin waɗannan wasanni, galibi kowace ƙungiya ce ke ba da mutum ɗaya ya riƙe riga ko hankici a matsayin tuta. Wato kusan tsarin da ake bi kafin 1891 ke nan, da irin rigimarsa. Abin yana damuna, domin zagin da ake yi wa waɗannan bayin Allah, wani lokaci har da duka, a kan aikin da ba wanda ya koya musu ne. Ba kyamara Tsafe da Bungudu suka rasa ba. Buhun farar ƙasa na shata layi, tuta biyu masu launi, da matasan da hukumar ƙwallo ta jiha za ta koya wa tsayuwa daidai da ɗan baya, kuma a tura su wasan da ba na unguwarsu ba, su ne abin nema. Kafin a samu hakan, alƙalin da ya san aikinsa yakan kira masu riƙon tutar kafin a take wasa ya gaya musu iyakarsu: su nuna in ƙwallo ta fita da wanda ke da jifa, satar gida kuwa su bar masa, ko da zai sha gudu ninki biyu.