Koyon rubuta manhaja: darussan farko daga lissafin kasuwa

Rubuta manhaja shi ne tsara wa na'ura umarni daki-daki, ta bi shi ba ƙari ba ragi. Jerin matakan da ake bi a warware matsala ana kiransa algoritim, kalmar da ta samo asali daga sunan al-Khwarizmi, malamin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Matasa da yawa na ja da baya don suna zaton sai wanda ya ƙware a Turanci ko babban lissafi. Alhali lissafin da ake yi kullum a kasuwar Maraɗi ko ta Garwa ya isa a fara da shi.

Kayan aiki

Harshen da aka fi fara koyo da shi shi ne Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991. Kyauta ne, kuma keɓaɓɓun kalmominsa ba su kai 40 ba. Wanda ba shi da kwamfuta zai iya gwaji a wayar Android da manhaja irin Pydroid 3. Yara kuwa akwai Scratch, na jami'ar MIT ta Amurka, wanda ya fito a 2007, kuma yana da Faransanci.

Darasi na 1: dala zuwa sefa

A ƙasashen sefa, Bahaushe da dala yake ƙirga kuɗi: dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jika kuwa 1,000. A rubuta: sefa = dala * 5. Idan dala 70 ce, amsa ta zama 350. A nan ake koyon ma'aji, wato sunan da ake ajiye adadi a cikinsa. Akwai tarko: duk abin da aka shigar ta umarnin input, Python rubutu yake ɗaukarsa, ba lamba ba. In ba a mai da shi lamba da int ba, 70 sau 5 zai fito 7070707070.

Darasi na 2: canji

Mai saye ya ba da 10,000, kayansa na 6,350 ne. Canjinsa 3,650. Da waɗanne takardu da sulalla za a biya shi? Alamar // tana ba da rabon da babu ɓurɓushi, alamar % tana ba da abin da ya saura. A fara da babba: 2,000 ɗaya, saura 1,650, 1,000 ɗaya, saura 650, sai 500, sai 100, sai 50. A ƙara sharaɗi da kalmar if: idan kuɗin da aka bayar bai kai farashi ba, manhajar ta ce kuɗi bai cika ba.

Darasi na 3: adashi

Mata 12 na zuba 2,000 kowane mako, kwasa ta zama 24,000. Maimakon a rubuta layi 12, kalmar for tana maimaita aiki ɗaya sau 12, ta nuna mako da sunan mai kwasa. Daga nan a tsananta tambayar: in mutum ɗaya ya shiga da hannu biyu, makonni nawa zagayen zai ɗauka?

Darasi na 4: yuro zuwa sefa

Tun 1999 yuro ɗaya sefa 655.957 ne, a Nijar da Benin da Togo, haka ma a Kamaru da Chadi. Yuro 50 ke nan sefa 32,797.85. Wanda ya yi karatu da Faransanci ya kula sosai: a makaranta an saba rubuta 655,957 da waƙafi, amma Python ɗigo yake so. In aka sa waƙafi ba zai yi gargaɗi ba, sai dai ya fitar da lambobi biyu, 32750 da 957, waɗanda ba su ne amsa ba.

Yadda ake tantance aiki

Na'ura ba ta san kasuwa ba, abin da aka gaya mata take yi. Don haka a fara yin lissafin a takarda, sannan a gwada da abin da allo ya nuna. A jarraba da sifili, da kuɗin da ya yi daidai da farashi, da wanda bai kai ba. A kuma san cewa a Python 0.1 + 0.2 na ba da 0.30000000000000004, saboda yadda na'ura ke adana ɓurɓushin lamba. Shi ya sa ya fi aminci a riƙa lissafin kuɗi da cikakkun lambobi.

Ma'aji, sharaɗi da maimaitawa su ne tubalan da ake gina manyan manhajoji, har da na tura kuɗi ta waya. Wanda ya warware waɗannan darussa huɗu ba tare da kwafa ba, sai ya gwada na biyar da kansa: littafin bashi na shago, mai tara abin da ake bin kowa ya kuma cire abin da ya biya.