Wace Ce Lambar Sirrin?

A rediyo da sanarwar bankuna, har a bakin mai POS, gargaɗin ɗaya ne: kada ka ba kowa lambar sirrinka. To amma wacce daga ciki? Mai asusu a Najeriya yau yana riƙe da lambobi huɗu ko biyar, mu kuma mun tattara yawancinsu mun laƙaba musu suna ɗaya.

Lambar asusu mai alƙaluma 10 ba sirri ba ce, ga ta nan manne a bangon shaguna. BVN, wadda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a 2014, tana da alƙaluma 11, kuma sunanta na nufin lambar tantancewa ta banki. An ɗaure ta da zanen yatsunka da hoton fuskarka, domin a gane cewa mai asusu a wannan banki shi ne dai mai asusu a wancan. Ita kaɗai ba ta fitar da ko sisi. Haɗarinta shi ne, wanda ya same ta yana iya kaiwa ga cikakken sunanka da ranar haihuwarka, ya karanto maka su a waya har ka sakankance daga banki yake. Ɓarawon da ya sace wayarka kuwa, danna *565*0# kawai zai yi ta fito, idan ba ka kulle layin ba.

PIN, wato lambar da kake dannawa idan ka sa kati, ta girme su duka. Tun zamanin na'urar cirar kuɗi ta farko, wadda bankin Barclays ya kafa a Enfield, arewacin Landan, a 1967, ake amfani da ita. John Shepherd-Barron, wanda ya jagoranci ƙera na'urar, ya ba da labarin cewa alƙaluma shida ya so, matarsa Caroline ta ce huɗu kawai za ta iya riƙewa. Alƙaluma huɗu na ba da haɗi 10,000 ne kacal, don haka abin da ke kare ka shi ne kulle katin da ake yi bayan kuskure uku. Mai sa shekarar haihuwarsa kuwa ya rage wa ɓarawo aiki.

Inda suna ya fi cutar da mu shi ne OTP. Ma'anarta kalmar sirri ta amfani sau ɗaya: banki na turo ta wayarka, yawanci alƙaluma shida, ta mutu cikin 'yan mintoci. Dabarar ita ce, ko an saci bayanan katinka, sai an haɗa da wayar da ke hannunka kafin kuɗi su motsa. Shi ya sa ɗan damfara ba ya kiran ta da sunanta. Cewa zai yi, "Hajiya, ana sabunta asusunki ne, karanto min ɗan kod ɗin da ya shigo yanzu." Hajiya ta san ba a faɗin lambar sirri, amma a wurinta lambar sirri ita ce huɗun nan da ta haddace. Wannan kuwa saƙo ne ya shigo, sai ta karanta.

A ganina masu fassara sanarwar bankuna su daina cusa OTP ƙarƙashin "lambar sirri". Su kira ta lambar sakin kuɗi, tunda aikinta ke nan, su kuma faɗa ƙarara cewa babu ma'aikacin bankin da aka yarda ya tambaye ta.