Tafinta Tsakanin Tsohon Tsarin Intanet da Sabo

A shekarar 1981 aka fitar da IPv4, tsarin da ke bai wa kowace na'ura adireshinta a intanet. Iyakar abin da zai iya samarwa kusan adireshi biliyan 4.3 ne. Da aka hango ƙarewarsu, sai Steve Deering da Robert Hinden suka gabatar da IPv6 a 1995. Sai dai tsarin biyu ba sa jin maganar juna, dole a sa musu tafinta.

Yunƙurin farko shi ne NAT-PT na shekarar 2000. Ya ɗora wa na'ura ɗaya fassarar saƙo da sauya amsoshin neman adireshi, ruɗanin ya yi yawa, har hukumar IETF, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta jingine shi a 2007. A Fabrairun 2011 hukumar IANA ta raba ragowar adireshin IPv4 da ke hannunta, wata biyu bayan haka aka fito da sabon tafinta, NAT64.

Daga nan gardama ta koma kan wanne ya fi aiki. SIIT, wani tafintan daban, ba ya ajiye bayanin wanda ke magana da wani, don haka aikinsa ba nauyi, amma kowace na'ura sai ta sami adireshin IPv4 nata. NAT64 kuwa yana riƙe rajista, na'urori masu yawa su yi tarayya a adireshi ɗaya. Rajistar nan tana cin ƙwaƙwalwa, kuma in ta ɓace hulɗa ta yanke. Manhajoji irin su Skype ma sun ƙi aiki da shi, abin da ya haifar da 464XLAT a 2013, wanda kamfanin T-Mobile na Amurka ya runguma.

A 2017 ne IETF ta fitar da takardar RFC 8219, wadda Gábor Lencse na ƙasar Hungary ke cikin marubutanta. Ta tanadi ma'auni guda na gwada waɗannan hanyoyi: yawan saƙon da ke wucewa, jinkirinsa, da wanda ke salwanta a hanya.

Kowace hanya tana da inda ta yi fice da inda ta gaza, kuma dukkansu an yi su ne don wucin gadi. Yau AFRINIC, mai rabon adireshi a Afirka, da awo take bayar da IPv4. Ya kamata kamfanonin sadarwarmu su gaggauta komawa IPv6 gaba ɗaya.