Wankin Ciki: Tarihinsa Daga Paris Zuwa Jakara

Wankin ciki aiki ne da ake yi a asibiti domin fitar da abin da ya rage a mahaifar mace, galibi bayan ɓarin da bai gama fita ba, ko bayan haihuwa idan guntun mabiyiya ya maƙale. Ana kuma yinsa domin ɗebo samfuri a kai gwaji idan jini ya ƙi tsayawa, musamman ga wadda ta riga ta daina al'ada. A sigarsa ta asali, wadda likitoci ke rubutawa D&C a kati, mataki biyu ne: a buɗa bakin mahaifa, sannan a kankare bangonta da ƙarfe mai kai irin na cokali. A Kano kuwa suna ɗaya ake kiran kankarewa da zuƙewa, wani lokaci har da maganin haɗiya, alhali kowannensu da zamaninsa da kuma haɗarinsa.

Kafin ƙarfe

Kusan kashi 15 cikin 100 na cikin da aka san da shi yana ƙarewa ne da ɓari, mafi yawa a watanni ukun farko. A ƙasar Hausa ungozoma da tsofaffin gida ne ke kan wannan lamari, da jiƙe-jiƙe da ruwan zafi da kunun kanwa. A Andalus, Abul Ƙasim az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, ya zana kayan aikin ciro jaririn da ya mutu a ciki a littafinsa At-Tasrif. Amma kankare bangon mahaifa bai zama aikin likita ba sai a ƙarni na 19.

Ƙarni na 19

Ana jingina farkon aikin ga Joseph Récamier, likita a asibitin Hôtel-Dieu na birnin Paris, wanda ya rayu daga 1774 zuwa 1852. Littattafai sun saɓa a kan shekarar da ya fara: wasu 1843, wasu 1846. Abin da ya fi zama abin dogaro shi ne 1850, shekarar da ya wallafa bayaninsa. Ba don ɓari ya ƙera ƙarfen ba, don kankare tsiron da yake ganin shi ke sa mata zubar jini ne. Ƙarfen ya huda mahaifar wasu mata, an samu mace-mace, likitocin Faransa da yawa suka juya wa aikin baya.

Abubuwa uku suka dawo da shi. Na farko, maganin sa barci a tiyata, wanda ya bayyana a 1846. Na biyu, tsabtace hannu da kayan aiki daga ƙwayoyin cuta, bayan aikin Joseph Lister na 1867. Kafin nan, duk ƙarfen da ya shiga mahaifa yana iya shiga da zazzaɓin ajali. Na uku, hanyar buɗa bakin mahaifa ba tare da an yaga shi ba. An fara da soso da ake matsewa a cusa, ya sha ruwa ya kumbura. A 1862 wani likita a Sikotilan mai suna Sloan ya kawo busasshen karan ciyawar teku da ake kira laminariya, mai kumbura a hankali cikin sa'o'i. A 1879 Alfred Hegar na Freiburg a Jamus ya fito da jerin sandunan ƙarfe, kowace ta ɗara 'yar'uwarta kauri kaɗan, ana sa su ɗaya bayan ɗaya. Har yau suna cikin kayan tiyatar mata, kuma da sunansa ake kiransu.

Daga nan aikin ya yaɗu har ya wuce kima. Tun 1894 Heinrich Fritsch ya ba da labarin matar da mahaifarta ta manne bayan an kankare ta. Sai a 1948 Joseph Asherman ya bayyana ciwon dalla-dalla: idan kankarewa ta yi zurfi, bangon mahaifa yakan yi tabo ya haɗe, al'ada ta ragu ko ta ɗauke, haihuwa ta yi wuya. Tsoron da mata ke yi cewa yawan wankin ciki yana hana haihuwa yana da tushe a nan, amma tushensa ƙarfe ne da maimaita aikin.

Zuƙewa da magani

A 1958 likitoci biyu a Shanghai ta ƙasar Sin, Wu Yuantai da Wu Xianzhen, suka wallafa hanyar zuƙe abin da ke mahaifa maimakon kankare shi. A farkon shekarun 1970 Harvey Karman a Amurka ya samar da siririn bututun roba mai lanƙwasa da ake haɗawa da babban sirinji. Wannan ne MVA. Ba ya buƙatar lantarki ko allurar barci ta gaba ɗaya, ana kashe zafin wurin kawai, a gama cikin 'yan mintuna, mace ta koma gida a ranar. Ƙungiyar Ipas, da aka kafa a 1973, ita ta fi yaɗa shi.

Taron ƙasashen duniya da aka yi a Alƙahira a 1994 ya amince cewa duk macen da ta shiga matsala bayan zubewar ciki tana da haƙƙin kulawa mai inganci. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa misoprostol cikin jerin muhimman magunguna domin ɓarin da bai kammala ba, a 2012 kuma ta bayyana kankarewa da ƙarfe a matsayin tsohuwar hanya da ya kamata a maye gurbinta.

A birnin Kano

Asibitin cikin birni da ke kusa da Ƙofar Mata an kafa shi a farkon sarautar Sarki Abdullahi Bayero. An fi ambaton 1927 a matsayin shekarar kafuwarsa. Ya koma Asibitin Murtala bayan kisan Janar Murtala Muhammad a 1976. A Jakara, daf da Kasuwar Kurmi, akwai asibitin haihuwa mai ɗauke da sunan Sabo Bakin Zuwo, gwamnan Kano na ƙarshen 1983, inda matan unguwannin tsakiyar birni ke zuwa awo da haihuwa. Wadda lamarinta ya tsananta, ta buƙaci ƙarin jini ko tiyata, akan tura ta Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. Da aka horar da nas-nas da ungozomomin asibiti a kan MVA, aikin ya daina zama na likita shi kaɗai.

Dokar laifuka ta Arewa, mai aiki tun 1960, ta haramta zubar da ciki sai don ceton ran uwa. Wanke mahaifar wadda ta riga ta yi ɓari ba ya cikin wannan hani, magani ne. Gwama abubuwan biyu yana sa wasu mata jin nauyin zuwa asibiti. Wasu kuma sukan ce ciki ne ya kwanta, a zauna jiran ya tashi, alhali sikanin zai nuna ko ɗan tayin yana da rai. Wasu jiran izinin maigida ke tsayar da su. Jinin da ya ƙi tsayawa, zazzaɓi, ciwon mara mai tsanani ko ruwa mai wari bayan ɓari alamu ne na zuwa asibiti a ranar, domin jinkiri ya fi aikin kansa haɗari nesa ba kusa ba.