Rubutun Ƙasan Hoto da Makomarsa Wajen Tace Shirye-shiryen Talabijin: Waiwaye Daga Kano

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin wani ɗan ƙaramin abu wanda masu tarihin watsa labarai a ƙasar Hausa ba su cika kula da shi ba, watau rubutun nan da ake sanyawa a ƙasan hoton talabijin domin ya fassara maganar da ake yi, ko kuwa ya bayyana ta ga wanda ba ya ji. Za mu kira shi rubutun ƙasan hoto. Tambayar da muke son amsawa ita ce: me yakan sami wannan rubutu idan an naɗi shiri, aka yanke wasu sassa, aka sake haɗa shi? Mun ɗauki yankin Tarauni na birnin Kano a matsayin fagen nazari, domin kuwa daga Titin Gidan Zoo da ke gefen Gyaɗi-Gyaɗi, inda ɗakunan tace hoto suka yawaita, zuwa tashar motar Unguwa Uku, inda matafiya kan sayi fim a zuba musu cikin waya, ana iya ganin dukkan hannuwan da shiri yakan ratsa kafin ya isa ga mai kallo.

2.0 Zamanin Baki

Kafin rubutu ya zo, baki ne ya riƙe aikin fassara. A zamanin mulkin Turawa motar majigi takan zaga gari-gari tana nuna fina-finan wayar da kai, kuma tare da ita akwai mai sharhi wanda yake tsayawa da lasifika yana faɗa wa jama'a da Hausa abin da hoto yake nufi. Brian Larkin ya yi cikakken bayanin wannan a littafinsa Signal and Noise na 2008. Abin lura a nan shi ne, fassarar mai sharhi ba ta zama a jikin fim. Da an nannaɗe faifai an tashi, ta tafi tare da mai ita, shi ya sa a yau ko an sami fim ɗin ba za a san da waɗanne kalmomi aka isar da shi ga mutanen Kano ba.

Gidajen silima, tun daga Rex da aka buɗe a 1937, sun kawo wata al'adar dabam. Fina-finan Indiya irin su Mother India na 1957 sun sami karɓuwa ƙwarai, alhali mafi yawan 'yan kallo ba su jin harshen Hindi, kuma ko da akwai rubutun Ingilishi a ƙasan hoton ba kowa yake iya karanta shi ba. Mutane suka dogara ga yawan maimaita kallo da kuma bakin waɗanda suka riga su gani, har suka raɗa wa fina-finai da 'yan wasa sunayen Hausa.

3.0 Zuwan Talabijin da Kaset

An buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, na Jihar Arewa kuma a Kaduna cikin 1962. A 1977 Gwamnatin Tarayya ta tattara gidajen talabijin ƙarƙashin hukuma guda, watau NTA. A zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983, Jihar Kano ta kafa nata gidan, CTV 67, a Hotoro kan hanyar Maiduguri, ba nisa da Tarauni. Shi ne aka sauya wa suna zuwa ARTV bayan rasuwar Rimi a 2010.

Wasannin kwaikwayon da suka yi tashe a wancan lokaci, kamar Samanja na Usman Baba Pategi daga Kaduna da Kuliya Manta Sabo na Kano, Hausawa aka yi wa su da Hausa, saboda haka bukatar fassara ba ta taso ba. Fina-finan waje kuwa, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙididdige cewa NTA Kano ta nuna na Indiya kaɗai fiye da 1,000 tsakanin 1977 da 2003, in sun zo da rubutu to a manne yake da hoton, ya zama wani sashe na jikinsa. Irin wannan shi za mu kira manannen rubutu. Fa'idarsa ita ce ba ya rabuwa da hoto: duk inda almakashin mai tacewa ya faɗa, hoto da rubutu tare za su tafi, ko su tsira tare. Illarsa kuwa ita ce ba a iya cire shi, ba a iya gyara kuskurensa, ba a kuma iya musanya shi da wani harshe. Daɗin daɗawa, kaset ɗin VHS, wanda kamfanin JVC ya fito da shi a 1976, yana rage kyawun hoto a duk lokacin da aka kwafi wani daga wani, kuma ƙananan haruffa su ne farkon abin da yake dusashewa.

4.0 Ɓoyayyen Rubutu a Ƙasashen Waje

A daidai wannan lokaci wasu ƙasashe sun bi wata hanya, wadda ya kamata mu fahimce ta domin ita ce asalin matsalar da ake fama da ita yau. Hoton talabijin na da layi-layi ake zana shi, 625 a tsarin PAL da Ingila da Nijeriya suka ɗauka, 525 a tsarin Amurka. Daga cikin layukan akwai waɗanda ba su fitowa a fuskar akwati, sai injiniyoyi suka ga za a iya ɓoye rubutu a cikinsu, mai bukata ya kira shi, wanda ba ya bukata ya bar shi. Gidan BBC ya fara tsarinsa mai suna Ceefax a 1974, kuma shafi na 888 ya zama sanannen gidan rubutun ƙasan hoto a Ingila har zuwa 2012 da aka rufe tsarin. A Amurka an fara aika ɓoyayyen rubutu ta layi na 21 a watan Maris na 1980 domin kurame, sannan dokar 1990 ta wajabta wa masu ƙera akwatin talabijin mai faɗin inci 13 zuwa sama su sanya masa na'urar karanta shi.

Bambancin da ke tsakanin tsarin biyu ya bayyana ne a wurin naɗa. Rubutun layi na 21 a hankali ake aika shi, haruffa biyu kacal a kowane hoto guda, don haka kaset ɗin gida yana iya riƙe shi. Na Ceefax kuwa da sauri ƙwarai ake aika shi, fiye da abin da VHS yake iya ɗauka, saboda haka wanda ya naɗi shiri a gida yakan tarar rubutun ya dagule ko ya ɓace ɗungurungum. Ke nan tun daga nan aka gane cewa rubutun da yake rakiyar hoto, ba a jikinsa yake ba, yana iya faɗuwa a hanya ba tare da kowa ya lura ba.

5.0 Fina-finan Bidiyo da Tashoshin Tauraron Ɗan'adam

Fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, wanda ya fito a 1990, shi ake ɗauka a matsayin mafarin kasuwar fina-finan Hausa ta bidiyo, wadda daga 1999 aka san ta da sunan Kannywood. Da farko a kaset ake sayar da su a Ƙofar Wambai da Bata, daga baya aka koma faifan VCD. Shi wannan faifai ba shi da gurbin rubutun da mai kallo zai zaɓa, saɓanin DVD wanda yake iya ɗaukar har 32. Bisa ga haka duk mai son fassara dole ya manna ta a hoto.

Abin da ya sa fassarar ta zama ruwan dare shi ne buɗe tashar Africa Magic Hausa a 2010, wadda take nuna fina-finan ga masu kallo a ƙasashe da dama, da yawansu ba su jin Hausa. Tashar Arewa24 ta biyo baya a 2014. Sai rubuta fassarar Ingilishi ya zama sana'a a ɗakunan tace hoto na Titin Gidan Zoo da kewayensa. A ɗaya ɓangaren kuma, cikin shekarun 2010, kamfanoni irin su Algaita suka shahara da ɗora muryar Hausa a kan fina-finan Indiya. Muna iya cewa mai sharhin majigi ne ya dawo, sai dai a wannan karo an naɗe muryarsa. Wannan ya nuna cewa jama'a sun fi son ji da kunne a kan karatu da ido, amma kuma kurma ba shi da rabo a cikin wannan ci gaba.

6.0 Yadda Rubutu Yake Salwanta Wajen Tacewa

Nijeriya ta fara ƙaura zuwa talabijin na dijital a Jos cikin 2016. A wannan tsari hoto da murya da rubutu kowanne da nasa zaren, an tufka su wuri guda, kuma kowane layin rubutu yana ɗauke da lokacin da zai fito da lokacin da zai gushe. Daga wannan tsari hanyoyi huɗu na salwanta suke tasowa.

Ta farko ita ce yar da zaren baki ɗaya. Da yawa daga manhajojin tace hoto da na rage nauyin fim hoto da murya kawai suke ɗauka, sai an umurce su sannan su kula da na uku. Mai zuba fim a waya a bakin tasha, wanda burinsa shi ne katin ajiya ya ɗauki fina-finai da yawa, ba shi da dalilin ba da wannan umurni.

Ta biyu ita ce saɓawar lokaci. Alal misali, idan an cire tallar minti 3 daga tsakiyar shiri, aka bar jadawalin rubutu yadda yake, to duk layin da ya biyo baya zai makara da minti 3. Haka nan fim ɗin silima hoto 24 yake gudu a daƙiƙa, talabijin ɗinmu kuwa 25. Fim ɗin minti 120 zai koma minti 115 da daƙiƙa 12, watau rubutun da aka auna da na farko zai yi ta ja da baya har ya kai tazarar kusan minti 5 a ƙarshe.

Ta uku ita ce yanka a tsakiyar magana. In an yanke wurin da umurnin fitowa yake, layin ba zai bayyana ba. In kuwa umurnin gushewa aka yanke, sai layin ya daɗe a kan fuskar wani ɗan wasa wanda bai faɗe shi ba.

Ta huɗu ta shafi manannen rubutu. Tsohon hoto faɗinsa 4 ne bisa tsawo 3, na yanzu 16 bisa 9. Wanda ya datse sama da ƙasa domin tsohon shiri ya cika sabuwar fuska, rubutun yake datsewa, haka ma wanda ya datse gefe da gefe domin hoton ya tsaya a waya.

Akwai kuma matsalar da ta keɓanta ga harshenmu. Jerin haruffan da aka tsara wa Ceefax da makamantansa ba shi da ɓ da ɗ da ƙ. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya tanade su, amma in aka juya rubutu ta cikin tsohuwar manhaja sai su koma alamar tambaya, ko a maye su da b da d da k. A nan ne faɗa yakan zama fada, baƙi ya zama baki, ƙafa ta zama kafa, mai karatu ya shiga lalube.

7.0 Abin da Ake Asara

Wani zai ce ai hoto da murya suna nan, me aka rasa? Amsa ta farko tana wajen kurame. Kano tana da makarantarsu a Tudun Maliki, suna kuma da harshensu, maganar hannu, wanda Constanze Schmaling ta yi littafi a kansa a 2000. Ga wanda ya yi karatu daga cikinsu, rubutun ƙasan hoto shi ne ƙofar shiga shirin, kuma dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sanya wa hannu a Janairun 2019 ta ƙarfafa haƙƙinsu na samun bayani.

Amsa ta biyu tana wajen masu ajiye tarihi. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya daɗe ba a ganinsa, sai da aka gyara shi da taimakon cibiyar Arsenal aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018, kuma rubutun ƙasan hoto ne ya sada shi da waɗanda ba su jin Hausa. Haka nan a 2013 an sanar da gano kashi 9 na wasan BBC mai suna Doctor Who a ɗakin ajiyar wani gidan talabijin a Jos, bayan an fid da rai da su a Ingila. Darasin shi ne babu wanda ya san wane kwafi ne zai yi saura. Idan wanda ya tsira shi ne wanda aka datse, aka kuma yar da rubutunsa, to da shi na baya za su san mu. Ban da wannan, rubutacciyar magana ana iya bincika ta kalma-kalma cikin ƙiftawar ido, abin da masu nazarin harshe da masu haɗa ƙamus suke matuƙar bukata.

8.0 Kammalawa

Mun ga matakai uku a tarihin fassarar hoto a Kano: bakin mai sharhi wanda ba ya barin sawu, manannen rubutu wanda ba ya gyaruwa, da rubutu mai rakiya wanda yake gyaruwa amma yana saurin ɓata. Bisa ga wannan muna ba da shawarwari kamar haka. Gidajen talabijin da masu shirya fim su riƙa ajiye uwar kowane shiri ba tare da an taɓa ta ba, su yi aikin tacewa a kan kwafi. A ajiye hoto marar rubutu dabam, rubutun kuma dabam a tsarin Unicode, tare da bayanin gudun hoton da aka auna shi da shi. A yanka hoto da jadawalin rubutu a lokaci guda, kuma a tsakanin magana da magana. A rubuta na Hausa tare da na Ingilishi, domin kurman da ya yi karatu da Hausa. A ƙarshe muna kira ga sassan koyar da harsunan Nijeriya da na aikin jarida a jami'o'inmu su sanya wannan fanni cikin manhajarsu, su kuma haɗa kai da masu sana'ar a Titin Gidan Zoo wajen tsara ƙa'idojinsa, tun ragowar kaset-kaset ɗin da ke ɗakunan ajiya suna iya kunnuwa.