Salula, ordi da darar tsofaffinmu

A hutun watan Afrilu, ana tsakiyar bazara a Dogon Dutsi, gardama ta sarƙe tsakanina da ɗan ƙanen babana. Shi yana da kwamfutar cinya, wadda mu ɗalibai muke ce ma ordi. Ni kuwa sai wata tsohuwar salula mai tsagaggen gilashi. Dukanmu mun saka manhajar Stockfish, mai buga wasan nan da muke kira eshek da bakin Faransanci. Ya ce tawa abin wasan yara ce. Sai munka haɗa su ƙarƙashin dogon yaro, muna kwashe ma kowace tafiyarta. Sunka yi canjaras sau biyu, ordi ta ci na uku, ana cikin na huɗu batirinta ya mutu, ga shi babu wuta a unguwa. Da na koma Yamai sai na bi diddigin tarihin abin.

Na fara da sunan, tunda ilimin harsuna nake karantawa. Wasu na cewa darar Turawa, alhali asalinta Indiya ne, inda ake kiranta caturanga. Farisawa sunka ce catrang, Larabawa shaɗaranj, kuma eshek ɗin nan ta samo tushe daga shah, wato sarki da Farisanci. Har Barno wasan ya iso tun da daɗewa, inda Barebari sunka san shi da tsatsarandi.

A 1996, a birnin Filadelfiya, zakaran duniya Garry Kasparov ya doke Deep Blue, na'urar kamfanin IBM, da ci 4 da 2. A watan Mayu na 1997 sunka sake gamuwa a New York, na'ura ta yi nasara da 3 da rabi, shi yana da 2 da rabi. Deep Blue manyan akwatuna ce guda biyu, tana duba yanayin wasa kamar miliyan 200 cikin daƙiƙa ɗaya. Mutane sunka ce ai ƙarfin ƙarfe ne, babu mai irinta a gida.

A ƙarshen 2006, a Bonn ta ƙasar Jamus, manhajar Deep Fritz ta doke wani zakaran duniyar, Vladimir Kramnik, 4 da 2, bisa kwamfuta irin wadda ake sayarwa a kasuwa. Ita kamar miliyan 8 take dubawa a daƙiƙa. A 2009 kuma anka saka Pocket Fritz 4, mai aiki da injin HIARCS, cikin wayar HTC Touch HD, ta shiga gasar Copa Mercosur a Buenos Aires. Wasa 10, ta ci 9, canjaras 1. Abin da take dubawa bai kai dubu 20 a daƙiƙa ba, wato Deep Blue ta ninka ta sau dubu 10. Gaskiya ne abokan karawarta ba su kai Kasparov ba, amma an auna bugunta na wannan gasa da maki 2898 a ma'aunin Elo. Mafi girman makin da ɗan Adam ya taɓa samu shi ne 2882, na Magnus Carlsen, a 2014.

Mi ya faru ke nan? Masu rubuta manhaja sun koya mata zaɓe. Ta daina bin kowace hanya har ƙarshe, tana yada marar amfani tun da wuri, ta zurfafa a mai albarka. Stockfish, wadda ta fito a 2008 kuma kyauta ce, ta ƙara wani mataki a 2020, lokacin da anka saka mata dabarar auna yanayi ta hanyar koyo, wadda anka aro daga masu manhajar shogi, darar Japan.

To, wa ke da gaskiya a gardamarmu? Ɗan uwana. In manhaja ɗaya ce, lokaci ɗaya, ordi mai kyau za ta rinjayi salula. Ta fi ta ƙwaƙwalwa, tana da fanka mai sanyaya ta. Salula kuwa in ta ɗau zafi rage gudu take yi don kada ta lalace, kuma kun san zafin Afrilu a Arewa. Sai dai wanga bambanci tsakaninsu ne su biyu. Ga mutum, ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Shi ya sa hukumar FIDE ta hana shiga ɗakin gasa da waya, kuma a 2015, a Dubai, anka kama wani babban gwani ya ɓoye ƴar na'urar hannu a makewayi yana neman shawararta.

Amma abin da ya tsaya mini a rai ranar nan, wani tsoho ne cikin masu dara a gefenmu. Ya daɗe yana kallonmu, sannan ya ce: "Ƙarfe na wasa da ƙarfe, ku kuna yi musu dako. To ku mi kunka iya?"

Darar tasu gurbi 30 ce a cikin rairayi, layi 5 na gurbi 6. Kowa da ƴaƴa 12, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. A fara dasawa, sannan a yi ta gusawa. Wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa. Akwai jerin da suke kira doki, wanda kowace gusawa ci ce. Da la'asar ta yi sanyi sai a shafe gurabun da tafin hannu, wasa ya tafi ke nan har abada.

Eshek kuwa tana da rubutu. Kowane gida na da harafi da lamba, shi ya sa wasan da Anderssen da Kieseritzky sunka buga a Landan a 1851 ana iya maimaita shi yau, tafiya bayan tafiya. Deep Blue kanta an ɗura mata wasannin manyan gwanaye kamar dubu 700. Ni kuwa, haifaffen Arewa, ba ni da wasa ko ɗaya na kakana a takarda, kuma kalmomin dara da na sani ba su cika yatsun hannu ba.

Saboda haka ga shawarata, ƴan uwa ɗalibai. Wanda zai je hutu Matankari, Tibiri, Kore Mairuwa ko Gecame, ya tafi da littafi. Layukan dara mu ba su haruffa, gurabu mu ba su lambobi, mu rubuta wasa tun daga dashe. Salular nan da ta fi zakaran duniya, mu naɗi muryar tsofaffi da ita, da izininsu, suna faɗin sunan kowane jeri da irin baƙar maganar da suke jefa ma juna. Ni na fara: ina da wasa 3 a rubuce. Tsohon nan da ya yi mini gori shi ne ke gyara mini kurakurai, kuma har yanzu ban ci shi ko sau ɗaya ba.