Daga Wakili zuwa Lauya: Tarihin Shari'ar Saki a Kotunan Birnin Zariya

Gabatarwa

Tun bayan da Malam Musa ya kafa mulkin jihadi a Zazzau a shekarar 1808, shari'ar aure da saki ta zauna a hannun alƙalai masu hukunci da mazhabar Malikiyya. Madogararsu ita ce Risala ta Ibnu Abi Zaid, da Mukhtasar na Shehu Halil, da Tuhfatul Hukkam ta Ibnu Asim, littattafan da ake karantarwa a zaurukan malaman birni. Wannan maƙala ta bi sawun yadda lauya ya shigo wannan fage, da nauyin da shigowar ta ɗora masa.

Kafin Zuwan Lauya

A zamanin da, mace mai neman rabuwa takan je gaban alƙali da kanta, ko tare da waliyyinta. Ƙara da baki ake kai ta, hujja kuwa shaidu ne ko rantsuwa. Sai dai wakilci a gaban alƙali ba baƙon abu ba ne a fiƙihu, domin Ibnu Asim ya ware wa wakala babi guda, kuma malamai sun halasta wa mai ƙara ya naɗa wanda zai yi magana a madadinsa.

Da Turawa suka ci ƙasar, sun bar kotunan alƙalai a ƙarƙashin En'e, amma dokokinsu sun hana lauyoyi tsayawa a cikinsu. Ko da aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a 1960, aka taƙaita ikonta ga aure, saki, gado, wasiyya da waƙafi, hanin bai kau ba. Haka ya ci gaba bayan 1968, lokacin da aka soke kotunan sarakuna, gwamnati ta karɓi kotunan alƙalai daga hannun En'e. Abin lura shi ne, a daidai wannan zamani Zariya ce ke yaye masana doka: Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Kongo tana horar da alƙalai, Jami'ar Ahmadu Bello kuma, wadda aka kafa a 1962, tana koyar da lauyoyi a harabar. Duk da haka, ɗalibin da ya kammala a Kongo ba shi da ikon buɗe baki a kotun da ke cikin ganuwa.

Buɗewar Ƙofa

Tsarin Mulkin 1979 ne ya sauya al'amarin. Bisa dogaro da shi, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya ta yanke hukunci a 1985, a wata shari'ar aure da ta shafi ikon uba na ijbari, cewa ba za a hana lauya tsayawa a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ba. Daga nan lauyoyi suka yawaita a shari'un iyali, har zuwa kafa kotunan shari'a na Jihar Kaduna a 2001.

Inda Aikin Lauya Yake

Saki a hannun miji yake, ba ya buƙatar kotu. Saboda haka mafi yawan waɗanda ke zuwa wurin lauya mata ne, kuma a nan ake gane wanda ya san fiƙihu. Mace takan zo da kalma ɗaya, wato a raba ta da mijinta, alhali hanyoyin biyu ne masu bambancin sakamako. Idan ta nemi khul'i, ita za ta fanshi kanta da dukiya. Idan kuwa ta tabbatar da cutarwa, kamar duka ko rashin ciyarwa, alƙali na iya sake ta ba tare da ta biya ko anini ba. Malikiyya sun ƙara da cewa, matar da ta biya fansa, daga baya ta tabbatar da cewa cuta ce ta tilasta mata, tana da haƙƙin a mayar mata da dukiyarta, sakin kuma yana nan daram. Lauyan da ya gaggauta zuwa khul'i don ya fi sauƙin shaida, ya sa wadda aka zalunta ta biya wanda ya zalunce ta.

Haka abin yake a rainon 'ya'ya. Al'ada takan miƙa yaro ga dangin uba da zarar an yaye shi, amma a mazhaba uwa ce ta fi cancanta: namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta, ciyarwa kuma a wuyan uba. Mata da yawa sun rasa wannan haƙƙi don ba su san suna da shi ba.

Kammalawa

Lauyan da ke tsayawa a kotun shari'a magajin wakilin da malaman fiƙihu suka sani ne, kuma sharuɗɗan wakili suna kansa. Bai halasta ya kare abin da ya san ƙarya ne ba, ko ya yawaita neman ɗage zama don ya gajiyar da mace ta haƙura da haƙƙinta. Bai kamata kuma ya tsallake sulhun masu sasantawa biyu da aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni da shi ba. Wajibi ne ɗalibin doka a Kongo ya zauna gaban malaman zaure ya karanci Tuhfa kafin ya karɓi ƙarar iyali ta farko. Allah ne mafi sani.